Yadda Irin Gidanmu Ya Ƙare A Turmi

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, an sauko daga sallar la'asar, na fara wannan rubutu. Mu uku ne a tsakar gida. Ni ina zaune a kan turmi da aka kwantar. Yayana, wanda nake bi, yana kwance a tabarma a inuwar katanga. 'Yarsa Hansatu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gabanmu, tana tankaɗe a ƙofar madafi. Na faɗi lokaci da waɗanda ke wurin ne saboda haka aka koya mana: magana ta fara da inda aka yi ta da gaban wanda aka yi ta, sannan ta kama hanya.

Abin da ya sa na ɗauki biro da tsufana ba wani babban abu ba ne. Da safen ranar mun kai Yaya asibiti, ma'aikaciyar ta tambaye ni tun yaushe ya fara ƙin abinci. Na ce tun kasuwar da ta wuce. Hansatu ta ce a'a, an fi haka daɗewa. Muka tsaya muna musu a gaban baƙuwa, ba wanda ya iya kafa maganarsa. Na ji kunya ƙwarai. Mutum yana kwana ɗaki ɗaya da ɗan'uwansa, yana juya shi, yana yi masa wanka, amma bai san ranar da ya ajiye cokali ba. Da muka dawo na nemi littafi irin na 'yan makaranta. Karatuna bai yi nisa ba, firamare kawai na yi, Baba ya ce hauya tana jirana. Amma abin da na koya bai gudu ba, sai dai hannu ya yi nauyi.

Na yi wa kaina doka, ban karya ta ba har yau. Kullum bayan la'asar zan zauna. Da farko in rubuta yadda sama ta wuni. Bayan haka abin da aka yi a gona, ko ba a yi komai ba in rubuta ba a yi ba. Sannan abin da Yaya ya ci da maganin da ya sha. Daga ƙarshe abin da ya faɗa, in ya yi magana. Hansatu ta ɗaga kai ta gan ni ina ta fama da layin farko, ta ce, "Baba Ƙarami, yau kuma akawu muka samu a gidan? Akawun kunu?"

Na ce, "Ki yi tankaɗenki."

Yaya ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Auta, me kake tono a takarda? Kai da rubutunka kamar kaza ta bi ta kan toka." Gemuna ya yi fari fat, jikokina sun yi aure, amma a bakinsa Auta nake. Wannan ita ce magana ta farko da na rubuta a ƙarƙashin sunansa.

A da ba mu bukatar takarda. Ƙauyenmu yana ƙasar Faskari, kasuwarmu 'Yankara, kuma gari ne da kansa yake riƙe da lissafinsa. In ka manta ranar da aka yi ruwan shuka, tsohuwar da ke maƙwabtaka ba ta manta ba, don ranar akuyarta ta haihu. In ka manta iyakar gona, akwai mutum biyar da za su nuna maka gindin gambar da kakanku ya dasa. Ba mu san agogo ba, kunne ne agogonmu. Kafin gari ya waye sarai za ka ji taɓarya ta fara daga gidan gabas, sai wata ta amsa daga yamma, sai mata su haɗa lugude har ƙasa tana motsi a ƙarƙashin wanda ke kwance. Da hantsi ka ji ƙarar sungumi a ƙasa mai laima, masu sara a gaba, mu yara a baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Ranar gayya kuwa ganga ce ke jan hauya, rago ma sai ya yi kunya biyu kafin ya tuna shi rago ne. Da yamma shanun Fulani su dawo ta bayan gari, kwaɗi su karɓe fadama. Yanzu inda muke zaune a cikin Ƙanƙara, injin niƙa ne ke tashe ni, babur ne ke raka ni barci. Waɗanda za su tuna mini abin da na manta, wasu suna Funtuwa, wasu suna Katsina, wasu suna ƙasa. Shi ya sa takarda ta zama maƙwabciyata. Ba ta gaisuwa, amma ba ta ƙaura.

Akwai wata dawa a gidanmu. Kaura ce, amma ba irin ta kasuwa ba. Karanta dogo ne, ya fi mutum a kan jaki. Ba ta gaggawa, sai kowa ya gama girbi take nuna, kuma in ta nuna zangarniyarta tana lanƙwasa wuya ta dubi ƙasa. Saboda haka muke ce mata Sunkuya. An ce kakarmu ce ta zo da ita a ƙwarya daga wajen Sabuwa lokacin da aka kawo ta gidan. Kowace shekara, kafin a sa wuƙa a gona, Baba yakan shiga tsakiyar dawa, Yaya yana biye da shi. Ba sa ɗauka daga gefe, sai can ciki. Baba ya taɓa zangarniya, ya auna nauyinta a tafin hannu, in ta yi masa ya gyaɗa kai, Yaya ya yanke. Ba a magana a wannan aiki. Abin da aka zaɓa a ɗaure shi dami guda, a rataye a rufin madafin Inna daidai saman murhu, hayaƙi yana bugunsa rani duka har ya yi baƙi, ƙwari ba sa kusantarsa. Wannan shi ne iri. Rumbu na kowa ne, iri ba na kowa ba ne. Baba yakan ce, "Mai cin iri, baɗi yake ci."

Na san nauyin wannan magana a shekarar da ruwa ya ɗauke dawa tana da ciki. Ina ƙarami, ban isa riƙe hauya ba. Rumbu ya ƙare tun rani bai raba ba. Muka koma dusa da busasshiyar tafasa, rana ɗaya a ci, rana ɗaya a sha ruwa a kwanta. Lugude ya mutu a gari, ba abin da ya fi ba ni tsoro kamar wannan shirun na safe. Kuma duk wannan lokaci damin iri yana rataye a saman kanmu, cike, muna ganinsa. Wata rana da tsakar rana, ba kowa a madafi, na kife turmi na hau, na tsinko ƙwayoyi na cika baki. Ban fara taunawa ba sai ga Yaya a ƙofa. Lokacin ya fara zama saurayi, yunwa ta fito masa da ƙasusuwan wuya. Bai daka mini tsawa ba. Ya kama haɓata da hannu ɗaya, ya tara ɗayan, ya ce, "Tofo." Na tofa. Ya sa yatsa ya zagaye bakina, ko ƙwaya ɗaya bai bar mini ba. Ya shanya su a faifai, da suka bushe ya ƙulle a tsumma ya soke a jikin damin. Da yamma ya turo mini rabonsa na tafasa, ya ce shi ya ƙoshi. Da damina ta zo, gidajen da suka ci irinsu suka bi gari suna roƙon abin shuka, wasu suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Mu muka shuka. Tun daga ranar ban ƙara ɗaga ido na dubi iri da sha'awa ba, kuma bayan Baba ya rasu Yaya ne ya ci gaba da shiga tsakiyar gona, ni ina biye da wuƙa.

Abin da ya tashe mu daga ƙauye ba sai na yi dogon bayani ba, duk mai karanta wannan a ƙasarmu ya san masu bindiga. Safiyar da muka fito kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Wani katifa, wani akuya, wata tukunya. Yaya ya shiga madafi ya sauko da damin iri, ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi, ya fito da 'yar singileti, dattijo mai iyali, bai ko ji kunya ba. Haka ya rungume shi a bayan mota har Ƙanƙara.

A nan wani ɗan'uwa ya ba mu gida da 'yar gona a bakin gari. Amma maƙwabtan gona sun yi shawara ba a shuka abu mai tsawo, don dogon kara yana ɓoye mutum. Gaskiyarsu ce, ban yi musu ba. Muka shuka gyaɗa da waken suya. Irin kuwa muka rataye shi a madafi saman wurin girki, yadda muka saba, muka ce sai an samu hali. Abin da ba mu lura da shi ba, a nan da gawayi Hansatu take girki. Gawayi ba ya hayaƙi. Mun bi al'ada, mun manta dalilinta. Ranar da na sauko da damin in duba, sai gari ya zubo mini a fuska. Ƙwari sun cinye shi daga ciki. Na zauna na sussuke, na sheƙe, na tsince ƙwaya ƙwaya, abin da ya tsira bai cika kwano ba. Na zuba a gora na toshe da toka, na yi niyyar bana in shuka shi a cikin gida, jikin katanga, inda ba wanda zai ce ya tsare masa gani.

Kafin nan ciwo ya kama Yaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hankalinsa kuma ya riƙa tafiya yana dawowa. Ni nake kwana da shi. Da safe in ɗaga shi, in yi masa alwala, in jingina shi ya yi salla. In shafa masa man kaɗanya a baya saboda kwanciya, in juya shi, in yi masa aski ranar Juma'a. Mutumin da yake ɗaukar dami biyu a kai yana waƙa, yanzu ina ɗaga shi kamar ɗaurin karmami. Wani lokaci ya ce in je in kama jaki, rana ta yi. Wani lokaci ya tambaye ni ko Inna ta dawo daga rijiya. Ina rubuta duka, ba na gyara masa.

Da na fara rubutu sai abin da ido yake ƙin gani ya fito fili. Shafi bayan shafi, a wurin abinci, cokali uku, cokali biyu, ya kurɓi ruwa, bai ci ba, bai ci ba. A wurin magana kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Ku dama mani kunun Sunkuya."

Na tafi kasuwa na zagaye masu awo kaf. Na samo kaura mai kyau, Hansatu ta surfa ta dama da tsamiya. Ya kai baki, ya juya kai ya tofar a tabarma. Ya ce, "Wa kuke wa wayo? Wannan dawa ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba."

Hansatu ta bi ni har zaure. Ba ta taɓa tsayawa a gabana tana magana ba, ranar ta tsaya. Ta ce, "Baba Ƙarami, ka ba ni gorar nan."

Na ce, "Iri ne."

"Na san iri ne. Iri ya fi ubana?"

"Ubanki ne ya hana. Da hannunshi ya ciro shi daga bakina."

Ta ce, "Wanda ya hana ɗin ya tafi tuni. Wannan da ke kwance yunwa yake ji. In ka shuka ta ta nuna, wa zai shiga ya zaɓa maka? Kai wuƙa kawai ka iya riƙewa."

Maganar ta zauna inda aka aike ta. Na wuni ina juya abin. Yaya biyu nake da su, na da da na yanzu, kowanne yana ba ni umarni, kuma ban saba saɓa wa ko ɗaya ba. Washegari na raba irin biyu daidai, na ba ta rabi. Na ce wannan na kunu, wannan na ƙasa, kada ta ƙara tambayata. Da ta zuba a turmi na fita waje, ban iya tsayawa in ji ba. Amma ƙarar ta biyo ni har bakin titi. Taɓarya ɗaya ce, ba mai amsa mata.

Yaya ya sha. Kunun ya fito ja-ja, yana ƙanshin hayaƙin madafin da muka baro, don ƙwari sun ci tsaba amma ba su ci wannan ba. Ya shanye kofi, ya lashe leɓe, ya yi barci mai nauyi. Ranar na rubuta: ya sha duka. Hansatu ta riƙa dama kaɗan kaɗan, tana jan abin, har rabin ya ƙare. Muka gwada haɗa masa da ta kasuwa, ya gane, ya rufe baki. Shafi ya koma bai ci ba, bai ci ba. Idonsa ya faɗa, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Ba wanda ya roƙe ni a karo na biyu. Ni da kaina na ɗauko gorar na raba sauran biyu. Bayan kwanaki na sake raba abin da ya rage. Ina raba shi ina gaya wa kaina ko tafi ɗaya ya isa shuka jikin katanga. Daga baya na ce ko ƙwaya goma iri ne. Ranar ƙarshe na juye gorar a faifai, na buga gindinta, toka ta biyo baya. Na duba littafi na ga duk rabon da na yi a jere, kowanne da ranarsa. Ban ɓoye ko ɗaya ba.

A kan kofin ƙarshe ne hankalinsa ya dawo. Ina riƙe da kansa, Hansatu tana ba shi. Ya tsaya, ya dubi kofin, ya dube ni, da irin kallon da ya yi mini a ƙofar madafi muna yara. Muryarsa ta fito sarai. Ya ce, "Auta, wannan Sunkuya ce."

Na ce, "Ita ce, Yaya."

"Madalla. To ka ware iri?"

Ni ban iya ƙarya ba, ko a kasuwa an san ni da haka. Hansatu ce ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ware, Baba. Yana nan a gora."

Ya ce, "To. Kada a bar yara kusa da shi." Ya shanye sauran.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni. Tun daga ranar Yaya yake cin abinci. Ba da yawa ba, amma yana ci, tuwon masara ma yana karɓa. Ya ce dole ya yi ƙarfi, shuka na tafe, ba zai bar Auta ya ɓata layi ba. Ya manta sunan garin da muke, wani lokaci ya kira Hansatu da sunan uwarta, amma wannan bai manta ba. Kullum in na zauna da littafi sai ya ce, "Akawu, me sama ta ce yau?" In gaya masa. Ya ce, "Ranar da aka yi ruwan shuka ka kawo mani gorar in sa albarka." Haka yake yi duk shekara, yakan zuba iri a tafinsa ya murza ya yi addu'a kafin a fita da shi. Hannunsa na hagu yana aiki. Wanda harshensa ya gane dawar kasuwa a cikin tsamiya, tafinsa ba zai kasa ganewa ba. Kuma na san abin da zai faru da cokalinsa ranar da ya gane.

A farkon shafin jiya na rubuta cewa gabas ta yi duhu, iska ta juyo, shamuwa ta sauka a kan kukar bayan masallaci. A na yau na rubuta an yi yayyafi da bai jiƙa ƙasa ba. Na aika saƙo 'Yankara, an ce waɗanda muka sani da Sunkuya sun watse. Ban san wanda ya rage ba.

Saboda haka nake roƙon wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ko wanda aka karanta masa. In kai mutumin Sabuwa ne, ko Tafoki, ko 'Yargoje, ko wani ƙauye da ban sani ba, ka tambayi tsofaffin gidanku. Wataƙila ku ba Sunkuya kuke ce mata ba. Kaura ce mai dogon kara, mai jinkirin nuna, mai lanƙwasa wuya, ƙwayarta manya, kununta ja-ja. In akwai ta a rataye a wani madafi, zangarniya ɗaya ta ishe ni. Kada a sussuke, a bar ta da wuyanta in gani. A ba direban da ke zuwa Ƙanƙara ranar kasuwa, ya miƙa wa masu awon hatsi, ya ce ta tsohon nan ce mai neman dawar gidansu. Duk sun san ni, na dame su. Na san abin da nake roƙo, iri ne, kuma na fi kowa sanin ba a bayar da shi da wasa. In Allah ya sa ta nuna a jikin katangar nan, zan mayar da dami. Don Allah a hanzarta, kafin ruwa ya sauka.